Hanyar Akwanga zuwa Jos: da me ake farawa in za a faɗaɗa ta?

Ɗan Bukuru:
Assalamu alaikum. Injiniyoyin zauren nan, a fitar da ni daga duhu. Daga Keffi zuwa Akwanga an mayar da hanya tagwaye, amma da ka karyo kwanar Jos sai ta tsuke. In ana son dankali da kayan gwarin Filato su riƙa isa Abuja da wuri, ta ina ake soma aikin?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Da ƙidaya ake somawa, katafila sai daga baya. Ana kwana 7 a bakin hanya, dare da rana, ana ƙirga motoci, a ware tireloli da tankoki, a auna nauyin da ke kan kowane jerin tayoyi. Nan gizo ke saƙar: in nauyin ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Da wannan lissafin ake yanke kaurin da zai kai shekara 20: jar ƙasa a daddaɓe, tsakuwa, sannan kwalta shimfiɗa biyu, kamar milimita 60 da 40. Faɗin kowane hannu mita 7.3, ban da kafaɗa, wato gefen titi da mota ke raɓewa ta tsaya.

Amma ruwa ne babban makashi. Kwalbati ya toshe, ruwa ya kwanta ƙarƙashin kwalta, damina ɗaya sai ramuka. Hawan Kibo kuwa, wato tudun nan mai wuyar hawa da gangarowa da ke kan wannan hanya, ni a ganina layin hawa na manyan motoci, da wata 'yar hanyar tsakuwa da motar da birki ya ƙwace za ta afka, sun fi komai gaggawa.

Mai Safiyo:
Injiniya, ka tsallake diyya. Hurumin titin tarayya mita 45.72 ne daga tsakiya, kowane gefe. Dokar filaye ta 1978 gini da amfanin gona take biya, ban da ƙasar kanta. In ba a sallami mutane kafin ɗan kwangila ya sauka ba, injuna su yi ta zama, kuɗin aiki na hawa. A kuma keɓe wa kasuwa da tasha wurinsu tun a zane, in ba haka ba irin cunkoson Mararraba ta kusa da Abuja za a sake haifarwa.

Uwar Gwari:
Duk na ji, 'yan'uwa, amma buhun dankali daga gona yake tasowa. In hanyoyin ƙauyukan Bokkos da Mangu sun zama taɓo a Agusta, babbar mota ba ta shiga, sai babur ya yi ta jigila buhu-buhu, kuɗin ɗauka ya cinye riba. A sa su cikin kasafi ɗaya da babban titin.