Na'urar eko ta fara yi mini gardama, wa ya taɓa ganin irin haka?

Mai sono, Birni:
Salamu alaikum ƴan'uwa masu sana'a. Ina da na'urar eko ta dijital, irin wadda ake ɗaurewa cikin akwati ɗaya da ampili, ina haɗa ta da miksa ta AUX, wato mafitar da ke tura sauti daga miksa zuwa eko. Tun da bazara ta kama ta canza hali. In na kunna tana tafiya lafiya lau, can sai allon ya ɗauke ya dawo, lambar saitin eko ta koma ta farko, muryar mawaƙi ta fito a bushe. Ga biki ina da shi a Mirya, kun kuma san mawaƙanmu, in babu eko ko mikoro ba za su karɓa ba. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Mai gyara, Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da kuran (wutar gari) kake aiki ko da gurub (janareto)? Ɗaukewar allo ya dawo, yawanci wuta ce ba ta isa. Namu layin 220 ne, amma in ka ɗora ampili da manyan bafur, wato lasifikoki, kan ƙaramin gurub, duk bugun ganga ɗaya wutar sai ta zube. Ampili zai jure, ita kuwa na'urar dijital ƙwaƙwalwa gare ta, da wuta ta yi ƙasa sai ta mutu ta sake tashi. In kuma a gida ma tana yi, to kondansa ne na ɓangaren wuta, ƴan gwangwanayen nan da ke riƙe wuta suna daidaita ta. Na buɗe irinsu da yawa, sai ka iske kawunansu sun kumbura. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga akwati a rufe, ga ampili yana hura mata zafi daga ƙasa, dole su bushe. Abin ba tsada, aikin dalma ne. Amma kar ka sa hannu ciki da kanka, manyan suna riƙe wuta ko an zare fulogi.

Mai sono, Birni:
Da gurub nake yi a waje, Malam. Kuma gaskiya a saman ampili take zaune.

Mai kula da lasifikar masallaci, Zango:
Mu tamu matsalar daban ce. Ranar wani wa'azi muka kunna, sai gurnani, wuuu, ba ya tsayawa ko an rage murya. Har wasu suka ce a tafi Kano a sayo sabuwa. Wani yaro cikin ɗalibai ya zare na'urar daga soket ɗin bango ya mayar da ita layi ɗaya da miksa, gurnanin ya ɓace. Ashe soket biyu daban muka ba su, wuta tana zagayawa ta igiyar sauti. Kuɗin mota ya tsira.

Mai situdiyo, Sabon Gari:
Yaya, ka duba adafta kafin komai. Wasu ƙananan, irin su Nanoverb na Alesis, 9V AC suke ci, ba DC irin ta batir ba. Yaron shagona ya ɓatar da na asali, ya je ya samo wani da aka rubuta 9V a jiki, bakin ya shiga daidai. Fitila ta kama, sauti kuwa sai shirme. Mun kusa jefar da ita.

Maganar lambobin da ke komawa farko kuma, ka bambance. In tana tashi ne daga farko amma abin da ka ajiye yana nan, wuta ce kamar yadda Malam ya ce. In kuwa saitin da ka ajiye ne ke gogewa duk ka kashe, akwai ƴar batir a ciki mai kama da kwabo, 3V, ita ke riƙe ƙwaƙwalwar. Tsofaffi irin SPX90 na Yamaha har gargaɗi suke rubutawa a allo in ta yi sanyi. Ka kwafe lambobinka a takarda kafin a canza ta. Haka ma kafin ka mayar da na'urar saitin kamfani, don shi ma share komai yake yi. Ni ban cika son mutane su fara da wannan ba, sau da yawa ba ya gyara komai, sai dai a yi asarar wahalar shekaru.

Mai kiɗan biki, Magarya:
Ni ƙurar hunturu ce ta yi mini aiki. Akwai ramin feda a baya wanda ake takawa a kashe eko. Ban taɓa sa masa komai ba, ƙura ta cika shi, na'urar ta riƙa ɗauka an taka, eko yana zuwa yana tafiya. Na fesa maganin wanke kontak, na zura jak na zare har ya washe. Yanzu tef na manna a bakin. Don Allah kar a zuba man inji ko na birki, ƙura yake ƙara kamawa.

Wata mai gabatar da shiri a rediyo:
Ni ba mai gyara ba ce, amma na ga wani abu a wajen taro. An dawo da eko ta layin miksa, sai wani ya murɗa AUX na wannan layin, sautin ya riƙa komawa cikin kansa har ya zama ihu. Jama'a suka toshe kunne, ana ta zagin na'ura alhali hannu ne.

Mai gyara, Kasuwar Dole:
Hajiya ta faɗi gaskiya, wannan kullum ne. Ku kuma lura da jar fitilar shiga. Ta dijital in ta cika ba ta yin taushi irin na tsohuwar eko mai kaset, fashewa take yi ƙaƙas-ƙaƙas, mutum ya zaci ta ƙone.

Mai sono, Birni:
Allah ya saka da alheri. Na sauko da ita daga kan ampili, na gwada da kuran gida tun la'asar. Ta daɗe ba ta ɗauke ba, amma dab da isha ta yi sau ɗaya. Saitina kuwa yana nan bai goge ba.

Mai gyara, Kasuwar Dole:
To kondansa ne ke nan. Kawo ta gobe da safe kafin rana ta yi zafi, ka taho da adaftarta in tana da shi. Bikin Mirya kuma ka nemi regilata, na'urar daidaita wuta, ka ba ta ita da miksa su kaɗai, ampili ya sha daga gurub kai tsaye.