Yadda ake kare wanda ake tuhuma da sayar da ƙwaya a kotun Damagaram

Mai buɗe zance, Birni: Salamu alaikum. Jama'a, waɗanda suka san aikin kotu su taimaka da bayani. Idan an kama mutum da zargin sayar da ƙwaya, ta ina kariyarsa take farawa?

Lauya, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Malam. Tun daga hannun 'yan sanda ko jandarma take farawa, ba ranar zaman kotu ba. Takardar bayanin da suke rubutawa, wadda ake ce wa PV, da Faransanci take, kuma yawancin waɗanda ake kamawa ba su iya karanta ta ba. Mutum zai ce "ina sha", a rubuta abin da ya fi haka nauyi, ya dangwala yatsa. A gaban alƙali wannan takarda ake karanta masa, kuma janye magana a nan yana da wuya ƙwarai. Kada ya sa hannu sai an fassara masa layi-layi. Dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, ta ba lauya damar tsayawa da mutum tun lokacin kamu, don haka iyali su nemi lauya a ranar, kada su jira a kai shi kaso.

Abu na biyu, dokar ƙwaya ta 1999 ta bambanta mai sha da mai fatauci, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Mai gabatar da ƙara yana kafa hujjar sayarwa da yawan kayan, da ƙulli-ƙulli a leda, da tarin ƙananan kuɗi, da saƙonnin waya. Kowanne a bi shi daban. Mai kabu-kabu ko mai shayi dole a same shi da canji, sai a kawo shaidar sana'arsa.

Tsohon magatakardan kotu, Zango: Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni kayan da aka rufe da hatimi nake so a duba. Katin ƙwaya nawa aka rubuta wajen kamu, nawa suka iso kotu? An auna wiwin a gabansa? Wa ya sa hannu? In kuma a ɗakin haya na mutum huɗu aka samu, ko a motar da ta taso daga Magariya cike da fasinja, sai an nuna abin da ya ɗaura kayan a wuyan wannan mutum shi kaɗai. Lauyoyi da yawa suna wuce wannan wuri da sauri, abin yana damuna.

Ma'aikaciyar farmasi: Ku duba ƙarfin maganin. Tramol mai miligiram 50 likita yana rubuta shi, mai 225 kuwa ba ta farmasi yake shigowa ba. Wanda yake da takardar likita, a kawo ta asali, mai kwanan wata da hatimi, tare da littafin asibitinsa.

Lauya, Sabon Gari: Madalla, Hajiya. In an gurfanar da shi cikin gaggawa, ya nemi a ɗaga zama ya shirya, haƙƙinsa ne. Marasa hali su je ofishin ANAJJ, hukumar gwamnati mai ba da taimakon shari'a, neman taimakon lauya. In hujja ta yi ƙarfi, musu ba ya amfani, gara a nemi sassauci da takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure shi ba, da shaidar iyalin da yake ciyarwa. Ɗaukaka ƙara kwana 10 ne daga yanke hukunci, kuma kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin Damagaram. Masu cewa a ba su kuɗi su "ga alƙali" kuwa, a guje su, laifi na biyu suke jawo wa iyali.