Neman shawara: ina ake samun busasshen itacen baka, kuma yaya ake faskara shi?

Mai_Tsirkiya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sassaƙa baka ku taimaka min. Ina so in yi bakan itace irin na da, sanda ɗaya ba haɗi ba, kuma kowa sai ce min yake itacen sai ya bushe sosai. To akwai wata bishiya da ta mutu a tsaye ta daɗe a haka, ɓawon ma ya fara zuba da kansa, shine nace ko ita zan sara tunda ta riga ta bushe in huta da jira? Sannan in na saro gungumen, kai wa masu zarto zan yi su yanka min ko da gatari ake fasawa?

Dattijo_Gizago:
Wa alaikumus salam. Yaro bar wannan matacciyar bishiyar, ta murhu ce. Itacen da ya mutu a tsaye ruwa ya dake shi rana ta dake shi, ruɓa ta shiga jijiyarsa tun kafin ido ya gani, ga ƙwari sun yi ta huda shi ta ciki. Zaka ganshi da tauri a hannu amma ranar da ka ɗaura tsirkiya ka ja, bayan bakan, wato gefen da ke kallon abin harbi, shi ne zai tashi, kuma fuskarka ce a kusa.

Ɗanye ake sara, kai ne zaka busar da abinka. Ka nemi bishiya mai tauri da nauyi wadda ta miƙe, kaurinta kamar inci 6 zuwa 10 ya isa, ka samu wajen da ya kai ƙafa 6 babu reshe babu ƙulli. Kafin ka ɗaga gatari ka tsaya ka bi layin ɓawon da ido daga ƙasa har sama, in ka ga yana zagaye bishiyar yana murɗewa to haka cikin ma yake a murɗe, wuce ta kawai komai kyanta.

Maganar zarto kuwa, a sare bishiyar da shi a datse tsawon ba laifi, amma tsagawa a tsaye fasawa ake yi. Zarto hanyarsa kawai yake bi ya yanke jijiyar itacen duk inda ta ɗan kauce, shi kuwa fashi jijiyar yake bi duk inda ta nufa. Ka kwantar da gungumen, ka kafa bakin gatari a kan gindin daidai tsakiya ka buga da guduma har tsaga ta buɗe, sai ka sa weji, wato guntun ƙarfe ko itace mai siririn baki da kaurin gindi, a cikin tsagar ta gefe ka buga, tsagar na tafiya kana sa wani wejin a gaba kana ciro na baya da ya saki. Zaka ji itacen yana ƙara yana ɓaɓɓarkewa, kar kayi gaggawa, ka ɗan dakata bayan kowane bugu tsagar ta ci gaba da kanta. Zaruruwan da suka riƙe a tsakani ka datse su da ƙaramin gatari. Kullum rabi da rabi ake fasawa, biyu sannan huɗu, in ka nemi ɓantaro siriri daga gefe tsagar zata gudu waje ka yi asarar sandar.

Kafinta_Zalla:
Baba Dattijo ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara, shafe bakin itacen. Ruwa ta kan gindi da kai yake fita da sauri fiye da ta jiki, shi yasa nan ne yake fara tsagewa, wani lokacin ma a ranar da aka sara. Kana fasawa ka shafa gam na katako ko fenti ko narkakken kakin zuma a kai biyun, ka ɗan gangaro da shi jiki kaɗan. In ka cire ɓawo, bayan sandar ma ka shafa masa. Cikin da aka fasa shi ake bari a buɗe ruwan ya fita ta nan. Ajiya kuma a inuwa inda iska ke wucewa, a kwance kan wasu itatuwa kar ya taɓa ƙasa saboda gara da laima. Mu a aikin katako lissafin da ake yi shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, to ka shirya jira.

Mai_Tsirkiya:
Kai, shekara ɗaya kowane inci? Ashe sandar inci 3 sai shekara 3 kenan. Babu wata dabara ne yallaɓai? Kuma shi ɓawon a cire ko a bari?

Maharbi_Sabo:
Akwai dabara mana, ni ban yarda sai an jira shekaru ba. Wancan lissafin na katako mai kauri ne da aka bari yadda yake. In ka sassaƙe sandar tun tana ɗanya ka rage ta ta kusa siffar baka, faɗin ka barshi da ɗan yawa, kaurin hannuwan, wato sassa biyun da ke lanƙwasa sama da ƙasan mariƙi, ya dawo ƙasa da inci ɗaya, to cikin 'yan makonni zuwa wata biyu zata iya bushewa a cikin ɗaki, sai dai ka ɗaure ta jikin wani katako miƙaƙƙe dan kar ta karkace tana bushewa, kuma wallahi kar ka kuskura ka lanƙwasa ta kana gwadawa a wannan lokacin dan ɗanyen itace in ya lanƙwasa a haka yake zama, bakan ya fito ba ƙarfi. Yadda zaka gane ta bushe kuwa sikeli ne, ka riƙa aunawa kana rubutawa, in nauyin ya daina sauka ya tsaya cak har kusan mako biyu to ta daidaita da iskar wajen. Masu na'urar auna laima kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari suke nema. In ya bushe ya wuce kima shima matsala ne, gautsi zai yi ya karye ba gargaɗi, dan haka banda jingina shi kusa da wuta.

Ɓawo kuma ya danganta da itacen. Fararen itatuwa irin su ash da elm da hickory in an sare su lokacin da bishiya ke tsiro ruwa na gudu a jikinta, ɓawon salin alin yake saɓulewa, kuma wannan fuskar da ta bayyana a ƙarƙashinsa ita ce bayan bakanka, kar wuƙa ta taɓa ta. Itacen osage na Amurka kuwa farin na waje duk cire shi ake yi a kankare har a tsaya kan zoben shekara guda ɗaya, wato layin da bishiya ke ƙarawa duk shekara, na cikin rawayan tsakiyar itacen, daga wannan kai zuwa wancan.

Dattijo_Gizago:
Sabo gaskiyarka a kan fararen itatuwa, amma masu nauyi irin osage in ka matsa musu da saurin bushewa bayan tsattsagewa yake yi, waɗannan a bi su a hankali. Shi itacen yew ma nashi daban ne, ana barin siririn farin a baya saboda yana jure miƙewa, jan na ciki kuma yana jure matsewa, da haka Turawan Ingila suka yi dogayen bakunansu, irin waɗanda aka tsamo sama da 130 daga jirgin Mary Rose da ya nutse a 1545. In ka samu yew ka rufe hanci lokacin kankara, ƙurarsa guba ce. Amma kar ka tsaya neman itace mai suna, tsofaffin bakunan da aka tono a Holmegaard ta Denmark da elm aka yi su. In itacenka bai kai waɗancan ƙarfi ba sai ka ƙara wa hannuwan faɗi ka ƙara tsawo. Kuma in ka tashi fasawa ka fasa da yawa, ka rubuta ranar sara a jikin kowace sanda da fensir, dan a cikin huɗu da wuya ka rasa ɗaya da zata murɗe ko ƙulli ya ɓullo mata a inda baka zata ba.