Wa ke riƙe yaro in uwa ta shiga gonar aya?

Malamar jardan, Agye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan ina riƙe da ajin ƙananan yara, wanda muke ce ma jardan, 'yan shekara huɗu da biyar. Duk shekara in an koma lakwal, wato makarantar boko, cikin Oktoba aji kan cika har wasu su zauna bakin ƙofa. Kafin Disamba sai tabarma ta yi mana yawa. Ba ciwo ke kwashe su ba, kaka ce. Iyaye sun ɗaure kaya sun bi aikin aya, ko sun gangara fadama wajen masu garka, yaro kuwa ba a kulle shi a ɗaki a tafi. Ga kuma wasu yaran da ban taɓa rubutawa ba, na waɗanda suka zo mana barema daga wasu garuruwa. Ina ganinsu ta taga suna leƙe in muna waƙar ƙirga, da na ce su shigo sai su ruga. Nawa sun je sun zama baƙi a wani wuri, na wasu sun zo sun zama baƙi a nan. Wanda ya yi aikin nan da hannunsa, ko ya ɗauki masu yi, ko ya tashi cikinsa, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani. Ban da an ce.

Maman 'yan biyu, ƙanenta ke rubuta mata:
Malama sannu da ƙoƙari. Kaka uku na yi ina zuwa aya wajen Cadawa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka tuge ta ake yi kamar gyaɗa. Ina! Sai ganyen ya bushe a sa mashi wuta, a kafce ƙasa, sannan ke mace ki duƙa kina ɗibar ƙasar nan kina zubawa a rariya kina girgizawa, ƙasa ta zube, aya da tsakuwa su rage, ki koma ki sheƙe. Tun hantsi har la'asar sakaliya cikin toka da ƙura kike, in kika fyace majina baƙa ƙirin. Kuma inda na yi da tiya aka biya mu, ba da yini ba. Duk tashin da kika yi don ba yaro nono, daga cikin tiyarki ya fita.

Shekarar farko na goya Hasana, na kwantar da Usaina gindin gawo, tunda shi ne mai ganye in rani ya shigo. Iska ta juya, ƙurar rariya duk kanta. Tari ya kama ta, wata biyu ba mu yi barcin kirki ba, rabin abin da na samu a magani da kuɗin mota ya ƙare. Shekara ta biyu sai na cire yayarsu daga lakwal na tafi da ita raino. Shekararta takwas, tana aji biyu. Mushe, malamin ajinsu, ya zo har gida ya yi mini magana, na ce mushe, in na bar maka ita, kai za ka riƙe mini tagwaye? Ya yi shiru. Da muka dawo bayan wata uku ta koma aji, ta tarar 'yan uwanta sun wuce ta, aka riƙa yi mata dariya in an tashe ta karatu. Sati biyu ta yi ta ce ba ta ƙara zuwa. Yanzu talla take yi. Abin nan har gobe yana cin raina. Ni lokacin ba jardan na rasa ba, Malama. Inuwa na rasa, da hannun da zan miƙa ma yaro.

Majo (babban malamin asibiti) mai ritaya, Madarunfa:
Allah ya ba ki lada, 'yata, kin faɗi abin da yawanci ake ɓoyewa. Ni ta fannin asibiti zan tsoma baki. Tun 2006 gwamnati ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya biyan kuɗin magani a asibitin gwamnati, kuma ba a ce sai a garinku ba. Amma macen da ta zo barema sai ta ɗauka baƙuwa ba ta da rabo, ta zauna da yaro har jiki ya yi nisa. Wata kuma ta baro karnen awo, wato katin asibitin yaro, cikin kwalla a gida. Yaro ya cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda, suna bakin gona, ba wanda ya tuna. Haka maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara wata wata cikin damina. Masu rabo gidan da ke tsaye suke bi, bukkar kara a bayan gari ba ta cikin lissafin kowa, sai yaron ɗan barema ya sha na farko a garinsu ya rasa sauran. Na sha ganin yaro an kawo shi da kumburin ƙafa, tamowa ta kama shi, uwar tana kuka tana cewa ai yana cin abinci. Mi yake ci? Hurar safe da ta yi tsami, da ɗanyar aya. Roƙona ɗaya, duk mai tafiya ta ƙulle karne a bakin zane kamar yadda take ƙulle kuɗi.

Alhaji mai garka, Jiratawa:
To bari mu da ake zagi a zuci mu ce wani abu. Ni zogale nake yi da tumatir da albasa, ina ɗaukar mata masu tsinka da zage ganye. Gaskiya da fari ban ɗauki yaransu a matsayin abin da ya shafe ni ba. Aiki na saya, ban sayi iyali ba, haka nake faɗi. Ni ma kaina ga kuɗin ruwa, ga taki, ga kasuwar da kan faɗi rana ɗaya. Sai bara waccan, muna cikin aiki wata ta ƙwala ihu. Yaronta mai rarrafe ya sulale ya faɗa hanyar ruwa, an buɗe ruwan. Wani yarona ne ya fizgo shi da ƙafa. Allah ya yi da sauran kwana. Daren nan ban runtsa ba, ina ta tunanin da wane ido zan kalli ubansa.

Da gari ya waye na sa aka kafa rumfa nesa da ruwa, aka kewaye ta da zana, na ajiye randa, na samo wata tsohuwa cikin unguwa ina ba ta dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, a yini da abincin rana. Wani abin mamaki, aiki ya ƙara sauri, don mace ta daina waiwaye. Amma kar a ce in yi lakwal. Tsohuwar nan ko baƙi ba ta sani ba, tatsuniya take masu da waƙa.

Malamar jardan:
Baba Alhaji, tatsuniya da waƙa ai rabin abin da nake yi ke nan. Ɗan shekara uku ba alli yake nema ba, wanda zai yi magana da shi yake nema. Tsohuwarka ta fi wani ajin.

Ɗan Gobir, Tibiri:
Ni cikin abin na tashi. Babanmu duk rani sai ya kwashe mu mu tsallaka ta Dan Isa mu shiga Jibiya, can yake aikin lambu, damina ta kawo mu gida. Abin da nake so ku lura da shi: ban taɓa rasa makarantar allo ba. Duk garin da muka sauka, baba ya kama hannuna ya kai ni wajen malam, malam ya duba allona ya ce ina ka tsaya, in ce wuri kaza, ya ce zauna. Shi ke nan. Lakwal kuwa sai da na kai shekara tara na shiga, saboda a bakin lambu aka haife ni, ba a yi mini takardar haihuwa ba, wa'adi ya wuce, sai da aka bi ta wajen alƙali. Na zauna aji ɗaya da ƙannen bayana, ni ne mai share allo don na fi kowa tsawo. Har yau ina mamaki, yaya malamin zaure ya gane yaro tafiya yake yi, mu masu rajista da hatimi muka kasa? Me zai hana a ba yaro 'yar takarda daga wannan direkta zuwa wancan, a karɓe shi wata uku ya koma?

Wani ɗalibi a Amurka:
Yaya Ɗan Gobir, tambayarka ta tuna mini abin da nake gani nan. Inda nake ana noman tuffa, masu tsinka galibi mutanen Meziko ne, suna bin kaka daga wannan jaha zuwa waccan. Akwai shirin gwamnati na yaran talakawa mai suna Head Start da aka fara a 1965, sai a 1969 aka fitar da reshe na musamman don 'ya'yan masu bin aikin gona. Abin da ya burge ni ba ginin ba ne, lokacin ne. Suna buɗewa da sassafe kafin iyaye su shiga gona, su kai yamma, kuma suna karɓar yaro tun yana jariri har shekara biyar. Ana ciyar da su, a duba allurarsu da haƙoransu, iyayen kuma suna da kwamitinsu. Wasu wuraren da kaka suke buɗewa, in ta wuce su rufe. Ba kowa ke samun wuri ba, kuma kuɗin da ake zubawa ba namu ba ne. Amma bin kalandar gona ai ba dala yake ci ba.

Shugabar asusu, Gazawa:
Ɗana, mun gwada bin kalandar gonar, bari in ba ka labarin yadda ta kaya. Mu ƙungiyar Mata Masu Dubara ce, irin wadda CARE ta fara a nan jahar Maradi a 1991, kowa ya san mu da akwati da zubi duk mako. Kakar bara muka ce tunda mu goma sha huɗu gona ɗaya za mu, a yi karɓa-karɓa, kullum mace ɗaya ta zauna da yara. Kwana biyar aka yi abin ya watse. Wadda ranarta ta zo sai ciwon kai ya kama ta, da an duba kuma ga ta can da rariya. Kuma ban ga laifinta ba, yini guda ba tiya, wa zai ciyar da ita? Sai muka sake shawara. Muka zaɓi mata biyu, ɗaya mai tsohon ciki da ƙura ke wahalar da ita, ɗaya dattijuwa. Da yamma kowa ta zuba masu aya cikin ƙoƙo ɗaya da muka yanke, mai yaro biyu ƙoƙo biyu. Daga akwati muka ciri jika uku muka sayi gero da ƙuli-ƙuli na kunun rana. Wannan ya riƙe har ƙarshen aiki. An yi faɗa, ba a rasa ba, har wata ta yi fushi ta janye ɗanta don an ce ya ciji wani. Amma 'yan mata huɗu da za a tafi da su raino an bar su wajen kakanninsu, sun gama shekararsu ta lakwal. Abin da ya gagare mu shi ne baƙin da suka zo daga nesa. Ba su cikin asusu, ba mu san su ba, matanmu suka ce ba su ɗaukar amanar ɗan wanda in wani abu ya faru ba a san inda za a kai gaisuwa ba. Na yi magana har na gaji.

Maman 'yan biyu:
Inna shugaba, irinmu ke nan baƙin. Da ƙoƙo biyu ne ai da na zuba uku. Malama, tambaya gare ni. Yarinyar nan yanzu shekararta goma sha ɗaya. Ta wuce ke nan?

Malamar jardan:
Ba ta wuce ba, Maman 'yan biyu. Akwai ajin da ake ce ma paserel, na yaran da suka bar lakwal ko ba su taɓa shiga ba, a yi masu karatun gaggawa sannan a mayar da su aji daidai da su. Ba kowane gari ke da shi ba, zan tambaya wanda ya fi kusa da ku in gaya ma ƙanenki. Kafin nan ki nemo takardar haihuwarta, ki kuma tambaye ta da kanki ko tana so, kar a kai ta da ƙarfi yadda aka cire ta. Baba Alhaji, ranar Asabar ina Maradi wajen biki. In ka yarda in biyo in ga rumfar, ina da ƙananan alluna guda takwas da ba mai aiki da su tun Disamba.

Alhaji mai garka:
Bismillah Malama. Ki zo kafin azahar, bayan nan tsohuwar barci take yi tare da su.