Jama'a me za mu kira podcast da Hausa?

Sabon-shiga: Salam jama'a, taimakon gaggawa nake nema. Ni da abokina mun gwada ɗaukar hira a teburin mai shayin layinmu, waya kawai muka jingina da gwangwanin sukari, ƙarar cokali a kofi duk ta shiga ciki amma dai ana jin magana, gobe da safe nake son ɗorawa a YouTube na rasa abin da zan rubuta a jikin hoton. Podcast ɗin nan ya ake ce masa?

Mai-fassara: Shirin saurare.

Sabon-shiga: Ai da bidiyo ne malam, ana ganinmu.

Uwar-biyu: Ka sa fodkas kawai ka huta.

Ɗan-asali: Haba Hajiya, fodkas kuma? Wannan ai kasala ce. Kalmar ma a Turancin haɗe-haɗe ce, wani ɗan jarida Ben Hammersley ya fara rubuta ta a jaridar Guardian a 2004, ya ɗauko rabi daga sunan iPod, na'urar jin kiɗa ta kamfanin Apple, ya liƙa wa kalmar watsa shiri. Su sun ƙera tasu mu sai mu zauna muna aro? Ni na daɗe ina cewa TAƊIN-GIZO. Taɗi ne, a yanar gizo yake, shikenan.

Uwar-biyu: Taɗi? Ka sa haka mutane su ɗauka saurayi da budurwa ne a zaure wallahi.

Ɗan-asali: Taɗi hira ce tun asali, ku ne kuka ƙuntata ta.

Mai-fassara: Kuma gizo in babu yanar a gaba kowa tatsuniya zai tuna, sai an tambaye ka ina Ƙoƙi.

Ɗan-asali: Matsalarmu kenan, raina namu. Da Bature ne ya kawo da tuni kun haddace.

Uwar-biyu: Ranka ya daɗe yaron nan a teburin mai shayi ya yi ɗaukar, tebur na Turanci ne shayi na Larabci, rediyo da bidiyo ma duk baƙi ne kuma ba wanda ya ce Hausa ta mutu. Shekara nawa ana koya mana na'ura mai ƙwaƙwalwa, kai da bakinka kwamfuta kake cewa.

Ɗan-asali: To wayar tafi-da-gidanka fa? Jirgin sama fa? Ba mu muka ƙera ba?

Uwar-biyu: Jirgin sama na yarda. Tafi-da-gidanka kuwa sai a labarai.

Sabon-shiga: Don Allah iyayena ku dawo kaina, caji na ya kusa ƙarewa.

Mai-fassara: Sa wa shirin suna Hirar Mai Shayi, a ƙasa da ƙananan baƙi ka rubuta fodkas na bidiyo don masu nema su same ka. Kuma karo na gaba ka matso da wayar kusa da baki, nesa da tukunyar.

Sabon-shiga: Na ɗauka, na gode.

Ɗan-asali: Hirar na yarda da ita. Fodkas ɗin dai ba da yawuna ba, kashi na biyu ka gwada taɗin-gizo ka gani.