Ƙurar dutse ta lalata huhun yayana: ta wace hanya za mu nemi diyya?

Ƙanin Mai Jinya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya da ta shari'a game da halin da yayana yake ciki. Shekara 13 ya yi yana aiki a wani kamfanin fasa dutse da ke bayan garin Abuja, kuma mafi yawan shekarun nan a bakin injin da ke niƙa dutse ya mayar da shi tsakuwa ya yi su. Idan ya tashi daga aiki yakan dawo fari fat kamar an barbaɗa masa gari, har gashin ido da cikin kunne, kuma abin da yake rufe hancinsa da shi bai wuce ƙyalle ba, sai ko takunkumin takarda da ake raba musu ranar da aka ji cewa masu duba wurin za su zo.

Shekara biyu da suka wuce ya fara wani tari da ba ya yankewa, ga rama, ga haki. Aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata shida, ya shanye shi tas bai tsallake ko rana ɗaya ba, amma numfashinsa bai dawo daidai ba. A yau, daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Watan jiya ne wani likitan ƙirji ya daɗe yana duba hoton ƙirjinsa, sannan ya tambaye shi sana'arsa, abin da babu wanda ya taɓa tambayarsa a baya, ya ce mana cutar silikosis ce, wadda ƙurar dutse ke haddasawa.

Da muka je wurin manajan kamfanin, ya ce mana Yaya ba ma'aikacinsu ba ne, leburan ɗan kwangila ne, amma saboda tausayi za su ba shi naira dubu 300 idan ya sa hannu a wata takarda da aka rubuta da Turanci. Shi Yaya ya ce ƙaddara ce ta same shi, ba ya son a kai kowa ƙara a kansa, alhali yana da mata da 'ya'ya biyar, kuma wata takwas ke nan rabonsa da aiki. Shin doka ta tanadi diyya ga irinsa? Idan ta tanada, ta ina ake farawa, kuma mu karɓi kuɗin nan ko mu bari?

Ma'aikaciyar Sashen Ƙirji ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya sauƙi, ya saka maka da alheri a kan tsayuwar da ka yi masa. Zan taɓo ɓangaren lafiya ne kawai, domin duk wata diyya a kansa za ta tsaya.

Farar ƙurar da kake gani a jikinsa ita ce mai sauƙi, saboda hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta, a kuma fitar da ita da kaki. Mai kisan ita ce wadda ido ba ya gani, ƙananan ɓarɓashin silika da ke fita idan an huda dutse ko an niƙa shi a bushe, waɗanda ke ratsa ƙyalle kamar babu shi su isa can ƙarshen huhu inda iska ke shiga jini. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye su don su kawar da su, sai su kasa narkar da su, su mutu, wasu su sake haɗiyewa, a haka tabo ke ta taruwa har huhu ya sandare ya daina buɗewa yadda ya kamata. Irin wadda ta fi yawa takan bayyana ne bayan shekara 10 ko fiye da fara shaƙar ƙurar, ko da yake inda ƙura ta yi yawa ƙwarai takan zo cikin shekara 5 zuwa 10, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ina faɗa maka gaskiya saboda ku shirya: tabon ba ya warkewa, kuma yana iya ci gaba da yaɗuwa ko bayan mutum ya bar aikin.

Maganin tarin fukan da ya sha ba lallai ne kuskure ba, domin mai silikosis ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka da kusan ninki uku, kuma cututtukan biyu sukan yi kama a hoton ƙirji, dukansu sun fi zama a saman huhu. A nan ne kamfani zai nemi mafaka, ya ce tarin fuka ne da kowa ke iya ɗauka a kasuwa ko a mota. Saboda haka ku koma wurin likitan nan ku roƙe shi rahoto a rubuce, mai ɗauke da hatimin asibiti, wanda ya ambaci sunan cutar ƙarara, ya faɗi irin aikin da Yaya ya yi da tsawon shekarunsa, ya kuma bayyana ra'ayinsa cewa aikin ne sanadi. A haɗa da sakamakon gwajin kaki, da katin shan maganin tarin fuka, da gwajin ƙarfin numfashi wanda ake hura iska a cikin na'ura, domin shi ne ke nuna girman nakasar da lambobi. Idan da hali a yi hoton CT, wanda ya fi hoton ƙirji na yau da kullum fito da ƙananan tabo.

Akwai wata magana mai nauyi da ya zama dole in faɗa, ina roƙon afuwa. Mu a al'adarmu da addininmu ba ma jinkirta jana'iza, ba kuma kasafai muke yarda a buɗe gawa don bincike ba, don haka duk hujjar da ba a rubuta ba mutum yana da rai, da wuya iyalinsa su same ta daga baya. Allah ya ba shi tsawon rai, amma a kammala takardun nan yanzu. Sannan a nisanta shi daga hayaƙin itace da na taba, a kuma gaggauta kai shi asibiti duk lokacin da zazzaɓi ko tarin jini ya taso.

Lauya Mai Bin Haƙƙin Ma'aikata ya amsa:

Malam, kada Yaya ya sa hannu a takardar nan kafin wani lauya ya karanta ta, domin irin waɗannan takardu galibi suna ɗauke da jimlar da ke cewa mutum ya karɓi cikakken haƙƙinsa kuma ya yafe duk wata ƙara nan gaba. Ku nemi a ba ku kwafinta. Idan suka hana, hanin ma ya isa ya nuna muku abin da ke ciki.

Dokar da ta shafe ku ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a wani asusu da hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, wato NSITF, ke kula da shi, ba tare da an cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba, kuma daga wannan asusu ake biyan wanda ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya rasu ta dalilin aiki. Silikosis tana cikin jerin cututtukan sana'a da ke jadawalin farko na dokar, har da nau'in da ya haɗu da tarin fuka. Ga wanda nakasarsa ta zama cikakkiya kuma ta dindindin, dokar ta tanadi biyan kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, ban da abin da ya shafi kula da lafiyarsa, kuma ta yi tanadi ga matar aure da 'ya'ya idan rai ya yi halinsa. Ka auna wannan da naira dubu 300 da za ta iya ƙarewa a magani kafin damina ta zagayo.

Maganar manaja cewa Yaya lebura ne ba ta rufe ƙofa ba. Dokar ta fassara ma'aikaci da faɗi, ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ko a rubuce, na dindindin ne ko na wucin gadi ko na yini-yini. Abin da za a yi jayayya a kai shi ne wane ne ubangidansa a idon doka, kamfanin ko ɗan kwangilar, kuma wannan da hujja ake warware shi: wa ke ba shi umarni kowace safiya, injin wa yake aiki da shi, daga asusun wa kuɗi ke shigo masa. Ku je banki ku ciro bayanan asusunsa na duk shekarun da za a iya samu, ku nemo katin shaidar aiki ko da ya tsufa, da rigar aiki mai tambarin kamfani, da hotunan waya da aka ɗauka a wurin, da sunayen abokan aiki uku ko huɗu da za su yarda su ba da shaida.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne watanni takwas ɗin nan. Dokar ta ce a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya, kuma ko da yake hukumar na iya karɓa har zuwa shekara uku idan akwai dalili na musamman, bai kamata ku dogara da wannan rangwame ba. Ku lissafa daga ranar da ya daina aiki, wato saura muku wata huɗu. A rubuta wa kamfanin wasiƙar sanarwa cikin makon nan, a haɗa da rahoton likita, a kuma sa wanda ya karɓa ya buga hatimi a kwafinku, sannan ku je ofishin NSITF mafi kusa ku tambaya ko kamfanin ya yi rajista yana biya. Idan hukumar ta yanke hukuncin da bai gamsar da ku ba, kuna da kwana 180 ku nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Idan kuwa kamfanin bai taɓa rajista ba, shi ne ya saɓa doka, kuma lauya zai duba yadda za a gurfanar da shi a wannan kotu, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin sauraron al'amuran lafiya da tsaron ma'aikata.

Game da ƙaddara, ka lallashi Yaya da girmamawa, ko ka nemi malamin da yake jin maganarsa. Yarda da ƙaddara bai taɓa hana karɓar diyya ba a shari'ar Musulunci, kuma kuɗin nan haƙƙin 'ya'yansa ne kamar yadda yake haƙƙinsa.

Tsohon Direban Tifa ya amsa:

Barista, duk abin da ka faɗa daidai ne a takarda, amma ni shekara tara na yi ina lodin tsakuwa a irin waɗannan wurare, kuma na ga masu tari da yawa da aka sallama suka koma ƙauye ba a sake jin labarinsu ba. Mutumin da ba ya iya tafiyar minti biyar, da wane ƙarfi zai yi ta zarya a ofisoshi, kuma me iyalinsa za su ci kafin a gama? Abokan aikin da kake cewa su ba da shaida ma, duk wanda har yanzu yake cin abinci a wurin ba zai buɗe baki ba, don ya san washegari za a ce ya ajiye hular kwano ya tafi. Shawarata ga ƙaninsa ita ce ya nemi waɗanda suka riga suka bar aikin, da direbobin da ba a ƙarƙashin kamfanin suke ba, domin mu ne muka ga injin yana aiki babu ruwan da ke kwantar da ƙura, duk da cewa bututun yana nan a kafe. Ni dai da za a karɓi kuɗin nan ba tare da an rasa sauran haƙƙi ba, da na ce a karɓa.

Lauya Mai Bin Haƙƙin Ma'aikata ya sake amsawa:

Alhaji, maganarka ta shaidu ta fi tawa inganci, na karɓe ta. Kuɗin ma ana iya karɓa idan kamfanin ya yarda a rubuta cewa tallafin jinya ne kawai, ba sulhu na ƙarshe ba, kuma lauyan iyalin ne zai tsara kalmomin. Zaryar ofis kuwa ƙaninsa na iya ɗaukar mafi yawanta.

Jinkirin da kake tsoro gaskiya ne, kuma ba a nan kaɗai ba. A Afirka ta Kudu, wani tsohon mai haƙar zinariya mai suna Thembekile Mankayi ya yi shari'a da kamfanin AngloGold Ashanti a kan wannan cuta har zuwa kotun tsarin mulki, ya rasu kwanaki kaɗan kafin kotun ta yanke hukunci a watan Maris na 2011 cewa yana da damar ƙarar kamfanin. Hukuncin ne ya share fagen ƙarar haɗin gwiwa ta dubban ma'aikata, wadda ta ƙare da sulhun rand biliyan 5 da kamfanoni shida a 2018, kotu ta amince da shi a 2019, aka kafa asusun Tshiamiso don rabon kuɗin. Ko bayan wannan nasara, abin da ya fi wahalar da tsofaffin ma'aikata da matan da aka mutu aka bari a ƙasashen Lesotho da Mozambik da lardin Gabashin Cape na Afirka ta Kudu shi ne rashin takardun aiki da na asibiti. Shi ya sa nake matsa wa ɗan'uwanmu a kan takardu tun yanzu. Kuma idan a wurin akwai wasu masu irin wannan tari, a tura su gwaji, domin mutum biyar masu hoton ƙirji iri ɗaya daga bakin inji ɗaya sun fi ƙarfin a ce musu tarin kasuwa ne.

Ƙanin Mai Jinya ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan sallar isha'i na karanta wa Yaya amsoshinku, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce wa matarsa ta ɗauko wata tsohuwar jakar leda daga ƙarƙashin akwati. A ciki muka sami katin shaida guda biyu masu sunan kamfanin, ba na ɗan kwangila ba, ɗaya na shekarar da ya fara aiki, da kuma wata takardar gargaɗi da aka taɓa ba shi saboda makara, mai sa hannun manajan wancan lokaci. Ya kuma ambaci mutum biyu da suka yi aiki tare a bakin injin, waɗanda suka koma gida da tari, ɗaya a jihar Katsina ɗaya a Neja, kuma na sami lambar ɗan ɗayansu. Ranar Litinin za mu koma asibiti neman rahoton da gwajin numfashi. Barista, idan babu damuwa, wane bayani ne ya wajaba ya fito a wasiƙar sanarwar, kuma da sunan Yaya za a rubuta ta ko da sunana, tunda ni zan kai?