Hutun jirgin ruwa a tsibiran Girka: yaya ake yi da yawon gani a tudu?

Baban_Ikram ya rubuta:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa yi ku ba ni haske. Mu shida ne muka haɗa kuɗi za mu yi hayar jirgin ruwa irin mai tafiya da iska ɗin nan, na sati ɗaya a watan Yuli, da matuƙinsa, za mu tashi daga tashar Alimos a Atens, babban birnin Girka, ranar Asabar mu dawo Juma'a da yamma. To ni dai ba wanka a teku ne ya dame ni ba, so nake in sauka tudu in ga kufai da tsofaffin gine-gine, ita kuma uwargida ta kafe sai Santorini saboda hotunan da take gani a Instagram, ga surukata ma za ta bi mu kuma tana fama da gwiwa. Sati ɗaya zai isa mu ga Santorini da Mikonos da Delos? Kuma in mun sauka yawo wa ke kula da jirgin?

Ɗan_Teku ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ɗaya ce, ka ba uwargida haƙuri. Daga Atens zuwa Santorini ya haura mil 120 na teku, irin wannan jirgin kuma mil 6 yake ci a awa in abubuwa sun yi kyau, ka ga tafiyar awa 20 ke nan zuwa kawai ba a yi maganar dawowa ba. Sannan Yuli da Agusta lokacin iskar meltemi ne, daga arewa take bugowa a tekun Ejiyan, zuwa kudu tana bayanku lafiya lau, dawowar ce aiki don kai-tsaye za ku fuskance ta, wani lokaci sai ta tsare ku kwana biyu uku a tasha ɗaya ba fita. Ko kun isa ma Santorini ba wurin ajiye jirgi ba ne, tsakiyarta bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, zurfin ya fi ƙarfin anka, shi ya sa da yawa suke barin jirginsu a tsibirin Iyos su hau feri, wato jirgin ruwan fasinja, su je su dawo.

Ni da ni ne zan tsaya a mashigin Saronik, kusa da Atens, iskar can da sauƙi. Awa uku kun isa tsibirin Ejina, ku hau tasi zuwa haikalin Afaya da aka gina wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, yana kan tudu cikin itatuwa, yawancin ginshiƙansa na nan tsaye. Daga nan ku kwana a Palaya Epidabros, minti kamar 20 a mota zuwa tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Epidaurus mai ɗaukar mutum kusan 14,000. Wallahi ni na hau har layin ƙarshe na sama, abokina ya tsaya a tsakiya can ƙasa ya saki kwabo a kan dutse, na ji ƙarar tsaf kamar a gabana ya faɗi, ba lasifika ba komai. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin tafiyar.

Maman_Twins ta amsa:

Ɗan_Teku ya faɗi gaskiya amma bai faɗi abin da ya fi cinye lokaci ba, wato neman wurin ɗaure jirgi. Tashoshin nan ƙanana ne, wanda ya riga shi ya samu, in kuka ce sai kun gama karin kumallo a tsanake kun tashi ƙarfe 11 to kafin ku isa an cike, sai dai ku jefa anka a waje ku riƙa shiga gari da ɗan kwale-kwalen roba, kuma ga tsohuwa mai ciwon gwiwa shiga da fita wannan abin ba ƙaramin aiki ba ne. Ko a tashar ma da baya ake ɗaure jirgin, wani siririn katako ake shimfiɗawa daga jirgi zuwa tudu yana ɗan rawa, sai mutum biyu sun riƙe Hajiya gaba da baya.

Mu abin da muka koya bayan mun sha wuya, a tashi bayan asuba, a isa kafin azahar, a ɗaure, a ci abinci a kwanta don da rana tsaka ko kantuna rufewa suke, zafin ba wasa ba, a Yulin 2023 har Akropolis, shahararren kufan nan na kan tudu a Atens, aka riƙa rufewa da rana saboda zafi. Sai la'asar sakaliya a fita. Amma ku duba lokacin rufe kowane wurin tarihi tun kafin, ba ɗaya ba ne ko'ina.

A tsibirin Haidra muka ga ta kanmu. Garin kam ya yi kyau, ba a yarda da mota ba, jakuna da alfadarai ke dakon kaya har firij na ga an ɗora wa alfadari yana hawa matakala da shi, amma tashar ƙarama ce jirage na ɗaure layi biyu layi uku, da safe muka zo tashi ashe ankarmu ta sarƙe da ta wani jirgi, awa biyu cur ana ja ana ihu da harsuna kala-kala, ranar nan yawon da muka shirya ya bi ruwa. Da na sani da a tsibirin Poros da ke kusa muka bar jirgin muka hau feri.

Abu_Hanif ya amsa:

Ni fa ban yarda a ce Delos ta fita daga lissafi gaba ɗaya ba. In kuna iya ƙara sati guda, ko ku karɓi jirgin daga Paros ko Mikonos maimakon Atens, ku je. Tsibiri ne guda cike da kufai, tsoffin Girkawa suna cewa nan aka haifi gunkinsu Apollo, UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1990, ga zakunan dutsen nan a jere, na ainihin suna cikin gidan tarihi, waɗanda ke waje kwafi ne. Ba a kwana a can kuma inuwa kusan babu, ku riƙe ruwa da malafa. Tsibirin Naksos ma ga ƙatuwar ƙofar marmara da ake kira Portara dab da tasha, da ƙafa ake zuwa, ita ce wurin da Hajiya za ta iya ba wahala.

Abu ɗaya ɗan'uwa, ka kula da abinci. Giros da sublaki, wato gasasshen naman da za ka gani ko'ina, galibi naman alade ne sai in an ce na kaza, mu dai kifi muka riƙe da salak da cuku. In kuma za ku leƙa coci ko gidan 'yan zuhudu ba a shiga da gajeren wando.

Ɗan_Teku ya ƙara:

Na manta tambayarka ta biyu. Tunda da matuƙi kuke shi ke zama da jirgin in iska ta yi ƙarfi ko anka ba ta kama sosai ba, kuma in ya ce yau ba fita kar ku yi masa gardama ko da kun riga kun sayi tikiti. Daren ƙarshe ku roƙe shi ku kwana a ƙarƙashin Suniyon, wani tsauni a bakin teku kudu da Atens, in yanayi ya bari, haikalin Posaidon gunkinsu na teku na can saman tsauni, ana haska shi da dare kuna kallo daga jirgi.

Baban_Ikram ya amsa:

Kai, Allah ya saka da alheri, na karanta wa uwargida duka. Ta ce ta yarda da Saronik amma da sharaɗin bayan mun miƙa jirgi za mu hau feri daga Piriyas, babbar tashar jiragen ruwa ta Atens, mu yi kwana biyu a Santorini, aljihuna dai ya ji a jikinsa. Maman_Twins, a Poros ɗin akwai matakala da yawa ne ko Hajiya za ta iya zagayawa?

Maman_Twins ta amsa:

Bakin ruwan shimfiɗe yake za ta yi tafiyarta lafiya. Hawa wurin hasumiyar agogo ne kawai matakala, ku bar ta a wurin shan shayi ku hau ku ɗauko mata hoto.